Zanen Zuciyar Malam

Auta na tsaye tana guga, ido na kan waya, har ƙauri ya tashi daga mayafin Umma.

"Ƙona shi duka!" in ji Umma daga bakin ƙofa. "Na faɗa, na ƙara faɗa: ba za ki auri mai ciwon suga ba!"

"Haba Umma, Malam fa yana shan maganinsa..."

"Babanki ba ya sha ne? Yana ɗaura agogo zai fita aiki ya yanke jiki ya faɗi. Aka ce bugun zuciyarsa ne ya rikice. Irin wannan kukan kike so ki yi?"

Auta ta kife dutsen guga ta fashe da kuka. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, daga ƙarshe ta zari jaka sai makarantar da Malam ke koyar da lissafi. Ta same shi da ƙurar alli har gira.

"Ka ce likita ta sha ce maka ka yi i-si-ji, gwajin bugun zuciya. Me ya hana ka?"

Ya sosa ƙeya. "Tsoron risalt nake yi, wallahi."

"Ni kuma tsoron rasa ka nake yi. Gobe za mu je!"

A asibiti nas ta shigar da shi, ta manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Auta na waje tana kai da kawo, ta kasa zama a benci. Da aka kira su, likita ta ɗora biro a kan zanen da na'urar ta fitar.

"Kun ga tazarar nan? Ta yi tsawo. Zuciyarka tana jinkirin shiryawa kafin bugu na gaba. Suga in ya daɗe yana taɓa jijiyoyin da ke saita bugun. In ya faɗi ƙasa sosai, ko ka sha wasu magunguna, bugun na iya rikicewa. Kana karyawa kafin ka shiga aji?"

Ya girgiza kai.

"Kana sayen magani a kemis da kanka?"

Ya sunkuyar da kai. Likita ta hana shi, ta gyara masa magani, ta ce ya riƙa dawowa gwaji.

Da yayarsa ta ji labari, sai ta kama haɓa. "Kai ƙanina, rufa wa kanka asiri! Ka ce wa uwar yarinyar lafiya lau, wa zai tona?"

"Yaya, 'yarta zan roƙa. Da ƙarya zan fara?"

Ya durƙusa gaban Umma ya zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya ba ka lafiya. Tashi ka tafi."

Watanni suka shuɗe. Auta ta rame, ba ta barci sosai, ko motsin ƙofa ta ji sai gabanta ya faɗi, amma ba ta taɓa ɗaga wa Umma murya ba. Malam kuwa ya bi dokar likita sau da ƙafa, kuma duk gwajin da ya yi sai ya zo ya gaishe da Umma ya faɗa mata, ko ta amsa ko ta kau da kai.

Wata safiya Umma ta yafa mayafi. "Yau ne gwajinsa? Ɗauko min takalmi. Da kunnena zan ji."

Likita ba ta yi mata daɗin baki ba. "Mama, tazarar ta ragu sosai. Haɗarin bai ɓace ba, amma muna ganinsa, muna tare shi."

Umma ta daɗe tana kallon Malam, idonta ya cicciko. "Rai na Allah ne. Da ka so, da ka yaudare ni tun farko. Turo manyanka, ɗana."

"Umma!" Auta ta rungume ta, har nas ta leƙo.

To 'yan uwa, ciwon da aka sani shi ake iya kiyayewa, kuma haƙuri da gaskiya kan tausasa zuciyar iyaye ko da sun daɗe suna cewa a'a.