Katangar da Ta Tsiro da Gero

Tun da Sufeto ya fara aiki bai taɓa jin an saci gona ba, sai ranar da wata tsohuwa ta faɗo ofishinsa tana haki. Ta ce ta yi binne, wato ta shuka gero tun ruwa bai sauka ba, sai ciwo ya kwantar da ita asibiti mako biyu. Ko da ta dawo, an kwashe ƙasar, gonar ta zama rami. Ita kaɗai ta rage mata, sauran duk gari ya cinye.

Zama ya gagari Sufeto. Ya ja Saje suka tafi.

Gonar 'yar mitsitsiya ce, gidaje sun matse ta ta ko'ina. A bakin ramin Sufeto ya ga sawun baro.

Babban ɗan tsohuwar, wani tela, ya rantse da idonsa ya ga tifar mai buga bulo tana lodi. Sufeto ya sake duban sawun baron.

Mai bulo kuwa da aka je masa da maganar, haushi ya ji. "Ranka ya daɗe, har ƙasar sama aka kwasa. Mu share ta muke yi gefe, don ba ta kama jiki. Wanda ya yi wannan bai san sana'a ba."

Baro ba ya nisa. Sufeto ya shiga unguwa lungu-lungu yana neman sabon gini, Saje na biye yana tsaki. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, ko'ina caɓi.

A bayan gidan telan suka ci birki. Sabuwar katangar bulon ƙasa ce, gero ya tsiro a jikinta kore shar.

"Tela, yaushe ka fara noma a bango?"

Ya fara kame-kame, can ya durƙusa. "Kowa ya sayar da tasa, Inna ta ƙi. Na ce in gonar ta zama rami dole ta haƙura."

Saje ya sa masa ankwa ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Tsohuwar da ta biyo su ko kallonsa ba ta yi ba. Ta matsa jikin katangar tana cire tsiron ɗaya-ɗaya tana sawa cikin haɓar zanenta, wai za ta dasa.

Tausayi ya kama Sufeto. Ya buɗe baki zai tambaye ta a ina, sai ya fasa.