Ƙofar da Mappa Ya Rufe

Mappa, Tenri, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kai ma Sangkala zauna, don kai ne ba ka je ba, kuma kai ne kowannensu ke kai wa rabin labari. Yau za ka ji shi cikakke daga bakin wadda ta tsaya a ɗakin har ƙarshe. Ban shiga aji ba, a jikin kwalayen shago na koyi karatu, amma abin da idona ya gani babu mai gyara mini shi. Kada wanda ya katse ni.

Ka san yayanka Mappa ne ya kai mu yawon jirgin ruwa na kwana bakwai, daga Makassar zuwa Banda a dawo, wai in huta da shago. Mu huɗu ne: ni da shi da 'yarsa Uleng da yayarka Tenri. Aka ba mu ɗakuna biyu a bene na ƙasa, can cikin jirgin, babu taga ko ɗaya. Fitila ce rana, fitila ce dare. Bangon kuwa siriri ne, in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu.

Mu kuma muka kwaso gida gaba ɗaya. Tukunyar shinkafa ta lantarki, busasshen kifi, dakakken barkono, ga sifikar Tenri mai makirufo biyu. Ƙofa a buɗe, takalma zube a lungu, Mappa na busa tabarsa mai kanumfari a bakin ƙofa kamar yana barandar gidansa. Da ni a ciki, ban wanke kaina ba. Ni na soya kifin.

A tashar Baubau aka shigo da wasu tsofaffi biyu ɗakin da ke jikin namu na mata. La Sariu da matarsa Wa Ambe. A keken marasa lafiya ya turo ta, duk ta ƙare, sai idanu. Ambon za su, wurin 'ya'yansu, don likita ya ce kunnuwanta da ƙirjinta ba za su ɗauki jirgin sama ba. A yammacin nan na jiyo ta ta bango tana karatun Alƙur'ani, murya siririya, tana yi tana hutawa.

Ran kwana na uku ne abin ya faru. Duk mun taru a ɗakinmu na mata, an ci an ƙoshi, Tenri ta jona sifika. Ni na dubi agogona na ga da sauran kusan rabin awa kafin magariba, na ce su yi waƙa biyu su kashe. A gidana kun sani, in rana ta yi ja ana rufe taga, a kashe rediyo, ko turmi ba a dakawa. Abin da ban lissafa ba shi ne jirgin gabas yake yi. Kullum rana na ƙara saurin faɗuwa, agogona kuwa yana nan a Makassar, wayoyi babu sabis a tsakiyar teku. A waje duhu ya riga ya sauka a kan ruwa. Mu muna ƙarƙashin fitila, Uleng riƙe da makirufo tana rera waƙar soyayya, ubanta na buga bango da tafin hannu yana bin kiɗa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, a hankali.

La Sariu ne. Ya ɗan rusuna, hannun dama a ƙasa, yadda ake yi in za a wuce gaban manya, alhali a haife ya haifi Mappa.

"Ɗana, a yi haƙuri," ya ce. "Magariba ta yi. Mai ɗakina na son ta yi ɗan karatunta, numfashinta ba ya kai wa ta ɗaga murya. In da hali a ɗan rage."

Mappa ya nuna masa agogo. "Baba, wace magariba? Ko taku ta daban ce?"

Tenri daga kan gado ta ce wa yayanta, "Daeng, ba shi makirufo ɗaya ya kai wa Hajiya, sai mu yi gasa."

Suka fashe da dariya. Tsohon ya sake buɗe baki, Mappa ya turo ƙofar a fuskarsa har sai da madubi ya girgiza. Kada ka dube ni haka Mappa, haka aka yi. Tenri kuma ta ƙara murɗa sifikar.

Ba a yi baiti biyu ba sifikar ta mutu. Sai wani abu ya faɗo daga sama ya bugi murfin tukunya. Na duƙa na ɗauka. Tsakuwa ce fara irin ta bakin teku, jiƙe da ruwan gishiri. Na ɗaga kai, rufi lafiyarsa lau, babu tsaga. Ta biyu ta faɗo a cinyar Tenri. Ta uku a ƙafar Uleng.

"Waye ke wasa?" in ji Mappa.

Washegari jirgin ya yini a gaban wani ɗan tsibiri, mutane suka sauka yin wanka da ɗaukar hoto. Mu ba mu sauka ba. Uleng ta ƙi tashi, ta juya fuska ga bango, ta manna kunne a jikinsa. In na yi mata magana sai ta ɗora yatsa a leɓe. Na zuba mata shinkafa, na tarar da tsakuwa a tsakiyar malmalar. Na buɗe jakar magunguna, tsakuwa. A cikin bangon kuma ana ƙwanƙwasawa sau uku, a tsaya, a sake. Na fita na leƙa, ƙofar tsofaffin a rufe, ma'aikaciyar da ke gyara ɗakuna ta ce tun safe aka kai Wa Ambe ɗakin likita a bene na sama. Babu kowa a ciki. Na dawo na zauna, na tashi, na sake zama. Can wajen la'asar na fara jin muryoyi ƙasa-ƙasa, kamar yara na raɗa, wata babba na tsawata musu.

Mappa ya ce bututun ruwa ne. Tenri ta ce Uleng jirin teku ne ke damunta. Amma na ga yadda ta naɗe sifikar a zani ta tura ƙarƙashin gado.

Da yamma na hau sama da kaina na tsaya har na ga rana ta nutse, sannan na sauko. Ina buɗe ƙofa na tarar da Uleng zaune a tsakiyar ɗaki ta tanƙwashe ƙafa, bayanta a miƙe kamar an ɗaure ta da sanda. Ta dube ni da idanun da ba nata ba.

"Tsohuwa," ta ce, "yau ke kaɗai kika san lokaci."

Murya ce ta mace mai shekaru, a bushe. Yarinyar da tun tana rarrafe take ce mini Nene. Tenri ta ƙwalla ƙara ta ruga waje, kuma ba ta dawo ba sai da komai ya ƙare.

Ma'aikaciyar nan ce ta kira mana Malam Patunru. A ɗakin inji yake aiki, shi ke jan salla a ɗan masallacin jirgin, shekara ashirin da wani abu yana wannan teku. Ya zo da baƙin mai a farcensa. Ya yi alwala, ya ce a buɗe masa kwalbar ruwa, ya sa Mappa ya riƙe kafaɗun 'yarsa. Ya zauna gabanta ya fara karatu ba gaggawa. Ta jima tana saurare, kai a sunkuye. Sai ta fara kuka.

"Wace ce ke?" ya tambaya.

"Maƙwabciya."

"A ina?"

"Cikin bangon nan. Tun ana ƙera jirgin nake ciki, ni da 'ya'yana uku."

"Musulma ce ke?"

"Musulma ce."

"To me ya kai Musulma jikin 'yar mutane?"

Ta ɗago ta dubi Mappa ta gefen ido. "Malam, shekara nawa ina jure su? Masu maye, masu faɗa, masu jan kujera da asuba. Ban taɓa jifan kowa ba. Waɗannan ma na jure warin kifinsu da hayaƙinsu. Amma an kawo mini mai karatu, karo na farko cikin shekaru, na tara yarana a jikin bango suna ji. Saura mata kwanaki kaɗan a duniya, ta san haka, sauka take son ƙarasawa. Suka danne ta da kiɗa. Mijinta ya zo da ladabi, wannan ya rufe masa ƙofa, waccan da ta gudu ta yi masa ba'a. Da ya koma ka san me ya tarar? Ta rufe Alƙur'anin ta ce a bar su, yara ne."

Mappa ya sunkuyar da kai. Na gani.

"Yarinya ba ta rufe ƙofa ba," in ji Malam.

"Muryarta ce ta rufe karatun. Muryar zan ɗauka. Ta zauna bebiya, jikin kuwa in bar muku."

"Ba za ki ɗauka ba. Ba ke kika ba ta ba."

"To a yanka mini baƙin akuya a zuba jinin a teku."

"Ke da kika ce ke Musulma ce? Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ki ji kunya." Ya ɗaga murya da karatu, ya yayyafa mata ruwan. Ta murɗe, ta yi ƙara har fitila ta yi ƙyafta-ƙyafta, tsakuwa ta zubo kamar an juye kwano.

"Tsaya! Tsaya, Malam, kana ƙona ni!"

"Faɗi abin da yake hakki, ki fita."

Ta yi ta haki. Da ta sake magana muryar ta yi sanyi. "Wanda ya rufe ƙofa da wadda ta yi ba'a. Su je su biyu, su ƙwanƙwasa, su rusuna yadda ya rusuna musu, su nemi gafarar tsohon da matarsa. Matar ta amsa da bakinta tana raye. Na ba su kwana arba'in. In ba su yi ba, na san hanyar gidansu."

Malam ya dubi Mappa. "Wannan kam ko ba ta faɗa ba, wajibi ne a kanka. Ka ɗauka?"

"Na ɗauka," in ji shi. Da kunnena na ji.

Uleng ta yi atishawa sau uku ta sulale a jikina. Da ta buɗe ido ta ce, "Nene, ƙishirwa." Ban san lokacin da na fara kuka ba, ni da ko a jana'izar ubanku ban yi a gaban mutane ba.

Na ce Mappa ya hau ɗakin likita a lokacin. Ya ce dare ya yi, da safe. Jirgin ya isa Ambon tun kafin gari ya waye, aka sauke Wa Ambe kafin kowa. Da ya je ya ƙwanƙwasa ƙarfe takwas, ma'aikaciya ce ta buɗe tana canza zanin gado. Ya dawo ya ce mini, "To Mama, ai na je."

Ka ji abin da aka yi, Sangkala. Sauran kuwa ka sani. Mappa na cewa sifikar Tenri ce ta jawo, ita ta je. Tenri na cewa ita ba ta ɗakin, ba ta ɗauki alkawarin kowa ba. Sun daina gaisawa. Mappa ya je wurin wani likita an ce masa firgita ce irin ta 'yan mata, ya riƙe wannan ya kwanta a kai. Ni ban hana likita aikinsa ba. Amma ni nake kwana da yarinyar. Yau kwana talatin da huɗu. Tun ranar Juma'a, in magariba ta yi, Uleng na buɗe baki magana ba ta fita, sai bayan isha take dawowa. Jiya har ƙarfe goma. Ba ta gaya wa ubanta ba don kada ya ce ta ƙirƙira.

Kafin mu bar jirgin na sa ma'aikaciyar nan ta nemo mini lambar 'yar La Sariu. Shekaranjiya na kira. Na nemi gafara da bakina, tsohon ya ce babu komai, har yana tambayar jikata. Amma ba ni aka ambata ba, kuma ba ta waya aka ce ba. 'Yar ta ba ni kwatancen gidan, bayan kasuwar kifi, ƙofa shuɗiya. Ta kuma gaya mini Wa Ambe ta daina cin abinci tun Litinin, ruwa kawai ake ɗiga mata da cokali.

Akwai jirgin sama zuwa Ambon gobe da safe. Ba na son jin waye ya fara, kuma ba na son jin akwai aljanu ko babu. Ko babu, kun wulaƙanta dattijo a gaban ƙofa, matarsa na mutuwa a bayan bango. Sangkala, kai ne ƙarami amma yau kai ne shaida. Zan shiga in zauna da Uleng, magariba ta kusa. Ku uku ku zauna nan ku daidaita kafin in fito, don Wa Ambe ba za ta jira kwana shida ba.