Zaren da Ya Goga a Wuyansa

Ranar da labarin ya iso gare ni, ina zaune a tsakar gidanmu na Djougou ina tsince wake. Cikina ya tsufa, an dawo da ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Mijina Djibril yana Parakou, yana jan taksi tsakanin garuruwan biyu.

Da hantsin ranar ya kira ni ta bidiyo daga kasuwar Arzeke. Na shige ɗaki na turo ƙofa, don Inna ta hana a tanadi komai na jariri kafin ya zo duniya. Ni kuwa na iya saƙa da kwarashi, kuma Djibril ya nace sai an yi bargo, kyautarsa ta farko ga ɗansa.

"Hajjaju, ga ni gaban mai zare. Mata sai dariya suke yi mini."

"To wa ya aike ka, Direba?"

"Wanda ke cikinki. Shuɗi ko ruwan hoda?"

"Ka san abin da Allah zai ba mu ne? Ɗauki ruwan ɗorawa."

Ya ɗaga wani ƙulli mai walƙiya. Na ce a'a, wannan leda ce zalla, zai ci fatar yaro.

"To yaya zan gane mai kyau?"

"Ka goga a wuyanka. In ya yi maka ƙaiƙayi, ajiye musu abinsu."

Haka ya tsaya tsakiyar kasuwa, ƙato da gemu, yana goga ƙullin ulu ɗaya bayan ɗaya a wuyansa. Mai zaren ta ce da Faransanci, Madam ta yi sa'ar miji. Ya ce, "Kin ji ko, abar ƙaunata? Kafin la'asar ina ƙofar gidanku."

La'asar ta yi, wansa Yaya Kabirou ne ya yi sallama. Bai dube ni ba. Ya tsuguna gaban Inna ya ce shanu sun ratsa hanya wajen Bariénou, Djibril ya kauce musu, babbar motar auduga kuma tana tafe... Ban ji sauran ba. Baƙar leda kawai na gani ya ajiye a gefen tabarma, zare ruwan ɗorawa ya leƙo ta bakinta.

Na shiga takaba. Inna ta ɗauke ledar ta kulle a akwatinta.

Daga ranar, abin da ke cikina ya yi shiru. Yaron da ke harbina har in kasa zama, sai ya koma kamar dutse. In ɗora hannu in jira, in juya ta wancan gefe in jira. Wani lokaci in ji ɗan motsi kamar na ƙifta ido, wani lokaci ba komai. Abinci ba ya wuce maƙogwarona. Duk takun da na ji a zaure sai gabana ya faɗi, in ce wani labarin ne kuma.

Aka kai ni asibitin haihuwa. Ungozomar ta ɗora na'urarta, ta daɗe tana lalube. Na riƙe ƙarfen gado har yatsuna suka sandare.

"Zuciya tana bugawa, amma a raunane. Rahinatou, in ba ki ci ba, shi ma bai ci ba. Kina so ki rasa biyu?"

Da muka iso gida na ce, "Inna, ki ba ni zarena."

"Ba a saƙa wa wanda bai zo ba."

"Shi ya zaɓa da hannunsa."

"Kuma kin ga inda ya kai shi."

Maganar ta shige ni kamar allura, domin ni ma abin da nake tsoro ke nan. In na taɓa zaren, kada ya tafi da ɗan. In ban taɓa ba, ba ni da abin da zan riƙe a duniyar nan.

Washegari da safe ta same ni gaban kwanon kunu, ya huce ban sha ba. Ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba.

"Kafin ke na yi wani ɗa," in ji ta. "Na ɗinka masa 'yar hula tun yana ciki. Da ita aka... " Ta share fuska da bakin zanenta. "Amma kwanansa ne ya ƙare, ba hula ba ce. Na sani, tsoro ne kawai."

Ta tashi ta ɗauko ledar ta ɗora mini a cinya.

"Sharaɗi ɗaya. Layi ɗaya, ludayi ɗaya."

Na buɗe. Ƙamshin turaren Djibril ya taso daga zaren, wanda yake shafawa a wuya kowace safiya. Na kifa fuskata a ciki na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Sannan na ɗauki kwarashi. Na yi layi ɗaya, Inna ta miƙo ludayi. Na yi na biyu, ta sake miƙowa.

Ban kai faɗin tafin hannu ba na ji harbi a ƙarƙashin haƙarƙarina, mai ƙarfi, har kwarashin ya suɓuce.

"Inna... taɓa nan."

Ta taɓa, ta ce, "Ja'iri, ashe kunu yake jira."

Zaren bai isa ba, Direba bai san lissafin bargo ba. Inna da ko kasuwar Djougou sai dole take zuwa, ita ta shiga mota har Parakou da guntun zare ɗaure a bakin mayafinta. Ta dawo da ƙulli mai ɗan duhu fiye da nasa.

"Na goga a wuyana," in ji ta, tana kallon gefe. "Ba ya ƙaiƙayi."

Na haifi namiji, ƙarami amma da babbar murya. Aka sa masa sunan ubansa, muna ce masa Abba. Ranar suna a cikin bargon aka fito da shi, gefe ɗaya mai haske, gefe ɗaya mai duhu.

Yanzu Abba yana gudu a tsakar gida, bargon ya yi masa kaɗan, ƙamshin ma ya daɗe da fita. Amma kullum da safe in na zo ninke shi, sai na nemo gefen mai haske na goga a wuyana tukuna.