Kwanon Jatau

Jama'a, tun da aka kafa duniya ba a taɓa cutar mutum kamar yadda aka cuce ni ba, ni da babu mai wayona a garin nan!

A ƙarshen unguwarmu akwai wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya. Kullum da yamma sai ya ajiye tuwo kwano biyu, ɗaya nasa, ɗaya na abokinsa Jatau da bai dawo daga yaƙi ba.

Na ga tuwo, na ga miya. Na karkata hula na ce, "Baba, Jatau ne ya aiko ni in gaishe ka."

Ya turo mini kwanon. "Me kuma ya ce?"

Kullum in ci, kullum ya tambaya, "Me kuma ya ce?" Ran nan ƙarya ta ƙare mini, na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ɗana, Jatau ya goyo ni daga bakin daga, ni na binne shi da hannuna. Ci abinka. Sunansa kawai nake marmarin ji a bakin wani."

Ga ni yau, ni ke kai masa tuwon daga gidana, kwano uku. Wa ya ja mini? Bakina.