Gilashin da Yake Sauka da Kansa

Dutse ne ya haɗa su. Wata tipa ta harbo shi a kan titi, ya sami ƙofar direba, gilashin ya zube a cinyar Auta kamar gishiri. A haka ta shigo da motar layin masu gyara, iska na kaɗa mata mayafi, ranta a ɓace.

Motar ta tsufa ƙwarai, irin wadda ake murɗa gilashinta da hannu. Ta marigayi mahaifinta ce. Shekara da shekaru tana lulluɓe a tsakar gida, Mama ta hana a sayar, ta hana a taɓa. Sai da Auta ta sami aiki a wani shagon magani mai nisa sannan aka yaye mata tamfol.

Mai gilashi ya fito daga rumfarsa yana goge hannu. Dogo ne, mai sanyin magana. Ya dubi ƙofar, ya dubi mai ƙofar, ya yi maza ya koma kan ƙofar don kada a kama shi.

"Ba ki ji ciwo ba dai?"

"Motar za ka duba, Malam, ba ni ba."

"Ita ai tun daga nesa na ga ciwonta."

Ta so ta yi dariya, ta danne.

Ya ce an daina yin gilashin irin wannan mota, sai ya nemo. Washegari ya samo, ita kuma ta zauna a benci wai tana gadin motarta. Ya cire hannun murɗawa, ya ɓalle murfin cikin ƙofar, ya share ɓaraguzan da suka zuba a ciki tas. Tsohon giris ya daskare a jikin ƙarafan kamar ƙanzo. Ya kankare shi, ya shafa sabo, sannan ya karkata gilashin ya zura shi a hankali har ya zauna a robarsa.

"Gwada ki gani."

Ta murɗa. Gilashin ya hau sumul, ba ko ƙara.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo: "Direba, in ya ba ki matsala ki kira ni. In bai ba ki ba ma, lambar tana aiki."

Ta amsa: "Malam Gilashi, haka kake yi wa duk kwastomominka?"

"Sauran duk gemu gare su."

Daga nan fa aka ɓalle. Motar da ta yi shekaru ba ta ga makaniki ba ta koma kullum tana da ƙorafi. Yau madubi ya karkace, gobe roba ta saki. Maƙwabtan rumfarsa suka gane, suna hango ta sai su kama tari. Har gida mai gilashi ya zo ya gaida Mama, ta amsa ba yabo ba fallasa.

Wata rana da yamma Mama tana zaune a tsakar gida tana ninke wanki. Auta ta dawo aiki, ta rufe motar ta shige ɗaki. Gidan shiru, ko iska babu. Mama ta ɗaga kai ke nan sai ta ga gilashin direba yana sauka. A hankali yake tafiya, kamar akwai hannu a ciki da ba ya son a ji shi. Ya sauka kimanin faɗin yatsa biyu, ya tsaya.

Zanin da ke hannunta ya faɗi.

Haka mijinta yake yi lokacin yana raye. Duk ranar duniya in ya dawo da yamma, sai ya bar gilashin nan a buɗe yatsa biyu, ya ce mota ma tana son numfashi. Babu wanda ya san wannan sai mutanen gidan.

Auta ta fito ta murɗe shi, ta ce ƙila ita ce ba ta rufe da kyau ba. Washegari da kanta ta rufe, Mama na tsaye a kanta. Rana na yin sanyi gilashin ya sauka, su biyu suna kallo. Auta ta ja da baya. Tun daga ranar Mama ta daina zaman tsakar gida, in za ta wuce motar sai ta kawar da kai tana addu'a.

Akwai ɗan yayar Mama, dillalin motoci, wanda ya daɗe yana son abu biyu a gidan: motar da Auta. Da labari ya kai masa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya bi diddigi, ya dawo yana huci.

"Mama, kin san inda ya samo gilashin nan? Makabartar motoci. A jikin wata da ta yi hatsari ya ciro, har yanzu gabanta a lotse yake. Wa ya san wanda ya cika a cikinta?"

Mama ta dafe ƙirji. A take ta yanke hukunci: mota za a ba dillali ya sayar, mai gilashi kuma kada ya ƙara taka mata ƙofar gida.

"Mutumin da zai kawo mana kayan mamaci ya yi shiru, shi zan ba 'yata?"

Auta ta shiga ɗaki ta rubuta wa mai gilashi: "Gaskiya ne a motar hatsari ka ciro shi?"

Ta so ya ce ƙarya ne. Da ya ce, da ta yarda.

"Gaskiya ne, Direbata. Tsofaffin motoci a can muke samo musu. Ban tambayi labarin motar ba, ban kuma gaya miki ba. Na yi kuskure."

Ta kife wayar ta yi kuka mai isarta. Kwana da kwanaki ba ta amsa masa ba. Tana jin haushinsa, tana kewarsa, kuma duk yamma sai ta leƙa ta taga ta ga gilashin a buɗe.

Ana gobe dillali zai ɗauki mota wani saƙon ya zo: "Ba don kaina ba. Ki roƙa min Mama ta bar ni in cire abin da na sa, kada tsoro ya raba ta da motar Baba."

Mama ta yarda, da sharaɗin ya cire ya tafi.

Ya zo da yamma da akwatin aikinsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a daƙile. Dillali yana gefe yana kaɗa makulli. Mai gilashi ya ɓalle murfin ƙofar, ya kai hannu zai kwance gilashin, sai ya dakata. Ya haska ciki, ya daɗe yana kallo.

"Mama, don Allah ki matso ki gani."

Ta matso ba da son ranta ba. Ya nuna mata wani ƙarfe mai haƙora, wanda yake ɗaga gilashin. Haƙoran sama sun suɗe, sun yi santsi, sai a wuri guda aka sami gurbi mai zurfi.

"Wani ya daɗe yana saukar da shi yana tsayarwa a nan, har ƙarfen ya saba. Tsohon giris ne ya riƙe shi. Da na wanke, sai ya koma inda aka koya masa. Ko wane gilashi aka sa, nan zai tsaya."

Mama ta sa yatsa a gurbin. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"To me ya sa sai da yamma? Me ya sa sai lokacin da marigayi yake dawowa?"

Auta ta zuba masa ido, tana roƙonsa a zuci ya ƙirƙiro wani abu, ko mene ne. Ya sunkuyar da kai.

"Wannan ban sani ba, Mama. Ƙila zafin rana ne yake sakin ƙarfen. Amma in na ce miki na sani, na yi ƙarya."

Ya murɗe gilashin ya rufe, ya ja da baya. Babu hannun kowa a jikin motar. Suna tsaye cirko-cirko sai ƙarfen ya motsa, a fili, ƙofar a buɗe kowa na gani. Ya juya a hankali, ya faɗa gurbinsa, ya tsaya. Makullin dillali ya daina kaɗawa.

Mai gilashi ya dubi Mama. "Zan iya canza ƙarfen. Ba zai ƙara sauka ba."

"Kada ka taɓa shi."

Hawaye ne a fuskar Mama, amma tsoron ya tafi. Ta shafa bakin gilashin yadda ake shafa kan yaro.

"Rufe ƙofar yadda take. Ka bar masa iskarsa."

Dillali ya yi gyaran murya. "To, Mama, maganar ciniki fa?"

"Babu ciniki. Ka gaida yayata."

Ta juya ga mai gilashi, ta dube shi sama da ƙasa kamar yau ta fara ganinsa.

"An ba ka hanyar ƙarya ka ƙi bi, har ka kusa rasa yarinyar nan. Ka turo manyanka."

Auta ta ruga ɗaki ta rufe fuska da matashi. Can ta lalubo waya ta rubuta: "Malam Gilashi, madubina ya karkace."

"Ina tsakar gidanku, Direbata. Fito ki nuna min shi."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Masu gyara suka rufe rumfunansu suka zo, har dillali ya kawo motocin ɗaukar amarya, yana dariyar yaƙe.

Da za a tafi da ita, Auta ta miƙa wa Mama makullin tsohuwar motar don ta sa albarka ta mayar mata. Mama ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta.

"Ku kun sami juna. Wannan ku bar min ita."

Ta haɗa hannayensu a cikin nata. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku daɗe tare har ku saba, sabon da ko ƙarfe sai ya shaida."

Suka ce amin. Da gidan ya watse, Mama ta ɗauko kujerarta ta ajiye kusa da ƙofar direba, ta zauna tana jiran yamma.