Ranar da Aka Ƙone Shayin Zaituna

"Rufe idonki, kuma ban da leƙe!"

Zaituna ta rufe fuska da tafukanta tana dariya. Ranar Alhamis ce bayan la'asar, mijinta Saifuddeen ya dawo daga kasuwar Maigatari, inda yake kai fasinja daga Gumel. Ya jefa ƙunshin ganyen shayi mai igiya a kofi, ya tsiyaya ruwan zafi daga fulas, ya kara mata a hanci.

"To faɗi, wane fulebo ne yau, ƙanshin me kika ji?"

"Kirfa... a'a tsaya, Yaya — tuffa da kirfa!"

"Kai! Wannan hancin naki ai ya fi na 'yan kwastan!"

Haka suke tun tana amarya. Zaituna ba mai son zinare ba ce, ba ta damu da yawan atamfa ba, amma a kan shayi kam sai dai a yi mata uzuri. Shi kuwa duk ranar kasuwa sai ya zagaya wurin masu kayan Nijar ya samo mata wanda ba ta taɓa sha ba. Kantar kicin ɗinta cike take da kwalaye: na lemon tsami, na na'a-na'a, na citta, har da wani mai ƙanshin mangwaro da ta ce sai ranar da ranta ya ɓaci take taɓa shi. Idan zafi ya yi zafi sai ta dafa, ta tace, ta ɗura a goruna ta sa a firij, ya tafi da shi tasha.

Suna cikin sha aka yi sallama. Lauratu ce, yayar Saifuddeen da ke aure a Sule Tankarkar, ta zo duba mahaifiyarsu Hajiya Rakiyya wadda sashenta ke cikin gidan.

"Anti, sannu da hanya. Bari in haɗa miki, yanzu ya kawo shi."

Lauratu ba ta karɓi kofin ba. Kwalin ta ɗauka tana jujjuyawa.

"Wannan rubutun Faransancin me yake cewa?"

"Wallahi ni ma ban iya ba, Anti."

"Ba ki iya ba, amma kullum kina ɗirka wa cikinki?" Ta kalli cikin Zaituna, ta taɓe baki, ta fice da kwalin a hannunta.

Zaituna da mijinta suka kalli juna. Dukansu sun san inda maganar ta dosa, domin shekarun aurensu sun fara nisa, ko ɓatan wata Zaituna ba ta taɓa yi ba.

Abin da dangi ba su sani ba shi ne, a bara su biyun sun je wani asibiti a Kano a ɓoye. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce Zaituna lafiyarta ƙalau. Matsalar daga wajen Saifuddeen take, sanadin hangum da ya yi mai tsanani yana saurayi, kuma da wuya ya haihu sai wani ikon Allah. A hanyar dawowa ya tsayar da mota a gefen titi, ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar yaro.

"In kina so in sauwaƙe miki, Zaituna, ba zan ga laifinki ba. Amma don Allah kada kowa ya ji. Ni kaɗai ne namiji a wurin Hajiya, da wane ido zan kalli mutanen tasha?"

Ta dafa kafaɗarsa. "Kai na aura, Yaya. Na yi maka alkawari, daga bakina babu wanda zai ji."

Washegarin zuwan Lauratu, da hantsi, muryar Hajiya ta cika gidan.

"Zaituna! Fito min da su duka!"

Kafin ta gyara ɗankwalinta Lauratu ta shige kicin, ta kwaso kwalayen a zani ta zube su a tsakar gida, ta haɗa da gorunan da ke firij.

"Na nuna wa wata maƙwabciyata da ta zauna a Damagaram," in ji Lauratu, "ta ce irin waɗannan ne matan birni ke sha don kada su haihu. Tsarin iyali take yi, Hajiya! Ba ta son ƙirjinta ya zube, shi kuma sakaran shi ke sayo mata da hannunsa!"

"Innalillahi... Hajiya, wallahi tallahi shayi ne kawai! Ki sa a dafa kowa ya sha!"

"Rufe min baki!" Hajiya ta daka mata tsawa. "Me na yi miki, 'yar nan? Na riƙe ki kamar ni na haife ki. Sa'o'ina duk suna goyon 'ya'yan 'ya'yansu maza, ni kina so in mutu ban ga ƙwan Saifu ba?"

Lauratu ta yayyafa kananzir ta ƙyasta ashana. Hayaƙi ya tashi, ƙanshin kirfa da na'a-na'a ya gauraye gidan har maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Zaituna ba wutar take kallo ba, mijinta take kallo. Yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Kalma ɗaya tak take jira daga bakinsa. Ya buɗe baki, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi kawunan matan da ke kan katanga, sai ya sunkuyar da kai.

"Zaituna," ya ce a hankali, "ki je gida ki ɗan huta, har Hajiya ta huce."

Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki hijabinta da 'yar jaka, ta durƙusa ta ce wa Hajiya ta yafe mata, ta fita. Sai da motar Gagarawa, garin iyayenta, ta bar gari sannan kukan ya ƙwace mata.

Labari ya riga ta isa gida. Mahaifinta Malam Ilu, dattijo mai koyar da karatu a ƙofar gidansa, ya daɗe yana fama da hawan jini. Ya kira ta ɗakinsa, mahaifiyarta Inna Ummulkhair na zaune a gefe.

"Ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allah. Kin sha maganin hana haihuwa?"

"Wallahi Baba ban taɓa sha ba."

"To me ya sa mijinki bai kare ki ba? Akwai abin da kika sani?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma. Inna ta fusata.

"Ki yi magana mana! Ana ta yamaɗiɗi da sunan gidan nan, ke kin ƙunshe baki!"

"Ba ni da abin cewa, Inna."

Zaman Gagarawa ya yi mata ɗaci. Ta je sunan 'yar ƙawarta, ta miƙa hannu za ta karɓi jaririya, sai kakar ta janye ta, ta ce barci take ji. A masallaci wani ya ce wa Malam Ilu, wai malami guda amma 'yarsa na ja da ikon Allah. Tun daga ranar ya rage fita, abinci ma sai an matsa masa. Zaituna ce ke jinyarsa. Da safe takan dafa masa ruwan citta da kanumfari ba suga, ya kurɓa yana kallonta, bai sake tambayarta komai ba. Ita kuwa ko ƙanshin shayi ba ta ƙara son ji ba.

Saifuddeen yana kiran ta a waya kullum.

"Ki yi haƙuri, Zaituna, ina ta lallaɓa Hajiya."

"Da me kake lallaɓa ta, Yaya?"

Sai ya hau kame-kame.

"Ni dai ba zan karya alkawari ba," ta ce. "Amma ka sani Baba ba shi da lafiya, kuma maganar nan ce ke cin sa."

"Zan yi wani abu. Ki ƙara min lokaci kaɗan, don Allah."

Lokacin ya yi ta tafiya, damina ta sauka har gero ya fara fitar da kai, bai yi komai ba.

Wata Alhamis ya ɗauko fasinja daga Maigatari. A bayansa wasu mata biyu ne, ƙaramar ta buɗe shayin gora mai sanyi da ta saya a kasuwa za ta sha, sai babbar ta buge mata hannu.

"Ke! Da aurenki za ki sha wannan? Ba ki ji labarin matar wani direba a Gumel ba? Da irin shi ta ƙone mahaifarta. An ce har ciki ta zubar, uwar mijin ta kama ta."

"Kai, wasu matan ba su da tsoron Allah! Shi kuma bawan Allah ko ya ya ƙare?"

"Ya kore ta mana. An ce uban nata ma baƙin ciki ya kwantar da shi."

Saifuddeen ya gangara gefe ya ce ruwa zai zuba wa mota. Ya tsuguna a bayan but ya toshe bakinsa da hula. A nan ya ƙudura cewa gobe bayan sallar Juma'a zai tara kowa ya faɗi gaskiya.

Bai kai ga goben ba. Yana sauke fasinja a tasha wayarsa ta yi ƙara: Malam Ilu ya rasu.

Ranar sadakar uku Hajiya Rakiyya ta zo gaisuwa tare da Lauratu da Kawu Dalhatu, ƙanin marigayi mahaifin Saifuddeen. Bayan an yi addu'a a ɗakin Inna, Kawu ya gyara murya.

"Ba lokacinta ba ne, amma tunda ga mu gaba ɗaya, gara a san matsayin yarinyar nan. In zaman ya ƙare, a rabu cikin mutunci."

"Kawu, ina da magana."

Saifuddeen ne, durƙushe a bakin ƙofa. Zaituna ta ɗago da sauri tana girgiza masa kai, don ɗakin cike yake da mata. Bai dube ta ba.

"Zaituna ba ta taɓa shan komai ba sai shayi. Ni ne ba na haihuwa, Hajiya. Likita ya gaya mana tun bara a Kano, ni na roƙe ta ta rufa min asiri. Kun ƙone mata kaya ina tsaye, an zage ta, an zagi Malam, duk ina ji. Kunyar mutane na ji, ban ji tausayinta ba!"

Ɗakin ya ɗauki salati. Lauratu ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajiya ta ja jiki har gaban Zaituna ta kama hannayenta biyu.

"Kin sani? Ranar nan da nake zagin ki, kin sani kika yi shiru?"

Zaituna ta gyaɗa kai. Kukan da ta daɗe tana dannewa ya ɓalle.

"Baba ya tafi bai ji ba... ya tafi yana zaton ko na yi!"

Inna Ummulkhair ta rungumo ta tana share mata fuska da gefen zani.

"A'a, bai tafi da zargin ki ba. Ana gobe zai cika ya ce min, 'Yarinyar nan wani take rufa wa asiri, kada ki ƙara matsa mata.' Ya sa miki albarka, Zaituna, da kunnena na ji."

Ba a ranar ta koma ba. Ta ce za ta zauna da Inna har ta fita takaba, babu wanda ya musa. Saifuddeen ya riƙa zuwa duk mako, ya zauna a zaure kamar mai neman aure. Da farko gaisuwa kawai take yi masa ta tashi. Wata rana ta tsaya.

"Na yafe maka, Yaya. Amma ba zan ɓoye maka ba, duk sanda na tuna Baba sai na tuna shirunka."

"Ni ma haka, har in mutu," ya ce.

Hajiya da kanta ta zo biko, kuma ita ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana wanke surukarta. A tasha an yi 'yan ƙus-ƙus na ɗan lokaci, aka gaji aka bari. Abin da ya shekara yana tsoro, ashe iyakarsa ke nan.

Allah bai ba su haihuwa ba har yau. Sai dai da Lauratu ta yaye 'yar autarta Jannatu, ta goyo ta tun daga Sule Tankarkar ta sauke ta a cinyar Zaituna.

"Ba don in biya ki ba ne, abin da na yi miki ba ya biyuwa. Na duba duk dangi ban ga wadda nake so ta yi min tarbiyyarta kamar ke ba."

Yanzu Jannatu ta shiga firamare, kuma Zaituna kaɗai take kira Umma. Duk ƙarshen wata sukan je Gagarawa su uku, Saifuddeen ya wuce maƙabarta ya daɗe a can kafin ya shigo gida idonsa jawur.

Jama'a, mu ji tsoron zargin da ba mu da hujja a kansa, domin yana iya kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Namiji kuma kada ya bari matarsa ta ɗauki laifin da ya san ba nata ba ne don gudun bakin mutane. Zaituna ta riƙe amana, ta yi haƙuri, Allah ya wanke ta a gaban waɗanda suka zarge ta. Amma gaskiyar da aka jinkirta ta zo ta tarar an riga an binne Malam Ilu.