Man da Ke Ƙasan Akwati

"Ni Shekari, a gidana ba a duba fata!" Baba Shekari ya bugi ƙirji ƙarƙashin mangwaron gidansa a Narayi. "Shekara sha biyu ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Baƙi, fari, wankan tarwaɗa, duk hannu ɗaya ya ƙera su!"

Ɗansa Yohanna ya washe baki har kunne. Dama fargabarsa ke nan, don Ruth ɗin da zai aura, wata nas 'yar Makera, baƙa ce wuluk, irin baƙin nan mai sheƙi.

Bai san tun ranar da ya kawo ta gaisuwa tuwo ya daina wuce wa tsohon ba. "Hoton biki fa?" yake gunaguni shi kaɗai. "Ai haƙora kawai za a gani!"

Ranar Asabar mata suka kai akwatin aure gidan su Ruth. A al'ada tsakar gida ake buɗewa, a ɗaga kaya ɗai-ɗai kowa ya gani. Gwaggo Mary, ƙanwar babanta, ta ɗaga atamfa, aka yi guɗa. Ta ɗaga leshi, aka ƙara. Da hannunta ya kai ƙasa, sai ga kwalba uku na man bilicin!

Guɗa ta yanke.

"Au!" in ji Gwaggo. "Wanki aka aiko mu yi wa 'yar tamu?"

Ruth ta shige ɗaki ta kira Yohanna a waya. "Shekara uku kana ce min black beauty. Ashe jira kake in shigo ka goge ni?"

"Ruth, na rantse ban san..."

"Kai ka haɗa akwatin ko ba kai ba?"

"Ni ne, amma..."

Ta kashe wayar. Ta zare zoben baiko, ta ɗaure shi a bakin zani, ta yi kuka mai isarta. Gwaggo ta ce a mayar musu da tarkacensu yau ɗin nan, Ruth ta ce a'a, a bari su fito coci gobe.

Washegari Lahadin yara ce, Ruth da Gwaggo Mary ma suna cocin. Aka miƙa wa Baba Shekari makirfo, ya gyara babbar riga. "Yara! Wa ya ƙera mu?"

"Hannu ɗaya!"

Ya jawo jikarsa Debby, 'yar shekara bakwai, don ta karanta aya. Yarinyar ta lulluɓe rabin fuska da ɗankwali, tana ta sosawa. Ya ja ɗankwalin — kumatu ya yi jawur, ya ɗuri ruwa!

Kafin uwarta ta miƙe, Ruth ta riga ta isa gaba. Yarinyar jinin gidan da ya kunyata ta jiya ce, amma ta durƙusa ta tallafi fuskar. "Sannu, ƙanwata. Me kika shafa?"

"Man Kaka," Debby ta ce cikin shessheƙa, bakinta dab da makirfo. "Huɗu ya saya. Ya sa uku a akwatin Anti, ɗaya yana bayan rediyo. Na ji ya ce shi zai wanke baƙin nan. Ni ma baƙa ce... ina so Kaka ya ce na yi kyau."

Kowa a cocin ya ji.

Yohanna ya tashi a hankali. "Baba... kai?"

"Wato... ai na kaushi ne..." tsohon ya fara.

"A akwatin amarya?" Gwaggo Mary ta ɗaga murya daga baya. "Kaushi a goshi?"

Ruth ba ta ko dube shi ba. Ta dangwali ruwa tana sanyaya kumatun. "Kalle ni, Debby. Ni mummuna ce?"

"A'a, Anti."

"To ke ma haka." Ta kwance bakin zani, ta miƙa wa Yohanna zoben. "Mayar min a yatsa. Na zarge ka a banza, ka yafe."

Jama'a, yaro ba wa'azin coci yake ɗauka ba, gunagunin ɗaki yake ɗauka. Kuma kyan da ya durƙusa gaban yarinyar nan, ba a kwalba ake sayar da shi ba.

Fasto ya yi gyaran murya. "Dattijo, makirfo na hannunka. Ƙarasa darasin mana. Wa ya ƙera mu?"

Kafin Baba Shekari ya buɗe baki, yara sittin suka amsa masa: "Hannu ɗaya, Kaka!"